Jan Zare a Walkin Murdo Gilfillan

A garinmu Carrick Flat, in aka ce da mutum yana da kan Murdo, to an gama yabonsa. Murdo Gilfillan baduku ne, sirdi da linzami yake ɗinkawa a wani ɗan shago daura da maƙera. Ya baro Scotland yana ɗan shekara talatin, lokacin da kowa ke haukan zinariya, ya yi wata bakwai yana tonon ƙasa bai samu ko ta sawa a haƙori ba, ya jefar da diga ya koma wa basillarsa. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ya samu a garin nan guda biyu ne: Effie, da aikin zaure.

Effie 'yar tsoho Dougal Kinnear ce, wanda ya kafa zauren 'yan Mason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta maza mai al'adun sirri, a saman rumbun alkama. Da hannunsa ya rataye takardar izini a bango, wadda in babu ita zaure ba zaure ba ne, taron maza ne kawai a ɗaki. Dougal ya yi shekara huɗu yana ɗura wa surukinsa aikin a kunne: yadda ake buɗe zaure da rufe shi, yadda ake karɓar sabon ɗan'uwa, wace ƙafa ake fara jefawa, bugun guduma nawa, wa zai tambaya, wa zai amsa. Ba a rubuta ko kalma ɗaya. Kowane ɗan'uwa ya rantse ba zai rubuta ba, ba zai zana ba, ba zai yi wata alama a kan komai ba. Daga baki zuwa kunne ake yi, shi ya sa kan Murdo ya zama akwatin zauren gaba ɗaya. Da Dougal zai rasu, sai ya bar masa walkinsa na fatar ɗan rago mai jan baki, wanda ya tsallako teku da shi. Shi kaɗai ne abin uban da ya rage a gidan. Effie ce ke goge shi, ta naɗe a farin ƙyalle, ko da yake ba ta san harafi ɗaya na abin da ake yi da shi ba.

Sai ga shekarar 1889. Zaurukan ƙasar nan da ma kashi uku ne, na mutanen Ingila, na Scotland, na Ireland, kowa da nasa salon, babu wanda ya taɓa mutuwa saboda haka. Amma manyan birnin Melbourne suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya ɗaya, kuma mutumin birni in ya ga abu uku a jere, ba ya samun barci sai ya aske su sun zama tsayi ɗaya. Da shekara ta zagayo, wasiƙa ta iso. A aiko mutum ɗaya Melbourne ya kalli sabon aikin kwana uku, ya ɗauko a ka, ya koma ya koyar. Bayan mako takwas mai dubawa zai zo. Zauren da ya kasa, a cire takardarsa daga bango, a haɗe mutanensa da zauren Stanmoor, mil goma sha huɗu daga nan, inda ake kallon mutanenmu kamar sun shigo da taɓo a ƙafa.

Ba a ma yi shawara ba. Jory Trevaskis mai burodi, shi ne shugaban zaure a shekarar, ya ninke wasiƙar ya ce, "To me ake jira? A sa akwatin a jirgin ƙasa."

Aka yi dariya, Murdo ma ya yi. Effie ce ba ta yi ba da labari ya iso gida.

Ita kaɗai ta san akwatin ya fara yoyo. Ita ta tsinci butar shayi a cikin itacen girki. Ita ta ji shi yana tambayar wani manomi lafiyar dokin da ya mutu shekara goma. Tsohon aiki yana nan daram a kansa, ko a barci aka tashe shi zai kawo shi. Sabon abu ne ba ya zama, a faɗa masa da safe, kafin la'asar ya zube.

Ta ce, "Murdo, ka gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Kar ka raina mini hankali. Me ka ci da safe?"

Ya dubi tebur ko zai ga alama. Ta riga ta kwashe kwanukan.

Ya ce, "In ban je ba wa zai je? Jory? Jory da ke ƙona burodi in aka yi masa magana biyu a jere?"

"Ai gara wanda ya san bai iya ba."

"Takardar mahaifinki ce a bangon nan, Effie."

Nan ya kashe bakinta, kuma ya san ya kashe. Ta sa masa naman tunkiya da burodi a jaka, ta ɗora walkin a sama. A bakin ƙofa ta ce, "Ka dawo mini da shi yadda ka tafi da shi. Da shi za a rufe ka, na yi wa Baba alkawari." Al'adar 'yan'uwa ce a ɗora wa mamaci walkinsa a kan akwati.

A Melbourne aka tara su, mutum sittin da wani abu, suka zauna a gefe suna kallon waɗansu tsayayyun maza suna yin aikin kamar agogo. Murdo ya ƙirga gaɓa arba'in da ɗaya. Da yawa sun yi kama da na Dougal, kuma kamar ce ta fi cutarwa: inda da ake bugu uku, yanzu biyu ne da ɗan jinkiri sannan ɗaya, inda da ake zagayawa kafin a yi tambaya, yanzu tambaya ce a gaba. Ya fito yana maimaitawa a ransa har masauki. Gari na wayewa ya zauna a bakin gado ya lalubo, ya samu goma sha biyu. Sauran, tsohon aikin Dougal ya cinye su.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a cikin ramin zinariya. Ga takarda da alƙalami a kan teburin masaukin, bai ko kalle su ba. Hannunsa ne ya tafi aljihu da kansa, inda kullum yake ajiye allura da zare. Walkin yana da ɗan marfi mai kusurwa uku da ke naɗowa daga sama. Ya ɗaga shi, ya zura jan zare, ya fara. Ƙulli ɗaya, bugun guduma. Ɗinki a karkace, taku. Biyu a giciye, tambaya da amsa. Yana yi yana gaya wa kansa ai ba harafi ba ne, ba wanda zai iya karantawa. Amma mutumin da ya karɓi rantsuwar mutum tamanin da bakinsa ya san kalmar alama tana ciki. Kwana uku yana kallo da rana, yana ɗinki da zarar ya koma masauki, har layi bakwai suka cika.

Ya dawo ya koyar, kuma ya koyar da kyau. Sau uku a mako suke hawa saman rumbu da la'asar, su goma sha tara, manoma da masu haƙar ma'adini da maƙeri, yana tsaye a tsakiya, babban yatsansa na ƙarƙashin marfin walki yana bin zare. Ba ya barin kuskure ya wuce. Sai da ya sa maƙeri ya maimaita taku ɗaya sau talatin.

Jory ya ce, "Ɗan'uwa Gilfillan, wai ciwon ciki kake yi ne? Kullum hannu a cibiya."

"Burodinka na ci."

"Ƙarya kake, tsohon banza. Wanda ya ci burodina ba ya tsayuwa ma."

Aka kwashe da dariya, Murdo ya zare hannunsa daga ƙarƙashin marfin.

Ranar ta zo, Asabar a watan Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar nan, sanyi kamar zai tsaga dutse. An cika murhun zaure da itacen turare. Jirgin ƙarfe biyu ya sauke mai dubawa, Mista Ambrose Tredwell, wani siriri mai tabarau, magatakardan lauya ne a birni. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Irin mutanen nan ne da in suka ga hoto ya karkace a gidan wani sai sun miƙe sun gyara. Ya shigo da wani faffaɗan akwati, ya gaisa da kowa, ya tsaya ya daɗe yana duban takardar da ke bango. Sannan ya buɗe akwatin.

Walki ne a ciki, sababbi fil, guda ashirin, duk girma ɗaya, duk da shuɗin baki.

Ya ce, "'Yan'uwa, aiki ɗaya, tufa ɗaya. Daga yau babu ja, babu kore. Ku tara tsofaffin a kan teburin nan, in an gama kowa ya kai nasa gida."

Murdo ya dafe marfin walkinsa. An faɗi maganar walkin nan a Melbourne, a rana ta uku, yanzu ya tuna. Ita ce kaɗai bai ɗinka ba.

Jory ya yi ƙoƙari. "Ɗan'uwa Tredwell, a bar wa dattijo nasa na yau kaɗai mana. Na wanda ya kafa zauren ne."

"Shugaba mai girma, in na bar wa ɗaya, gobe a wani gari zan bar wa goma. Kuma shi aka aika, shi zai ja aikin. Ba na son kowa ya tuna masa komai."

Murdo ya kwance igiyar. Sai da ya ja sau uku. Ya tura walkin ƙarƙashin na maƙeri, ya ɗaura sabon, fatar ta yi sanyi, ta yi santsi, babu komai a ƙarƙashin marfinta. Abu biyu ne a gabansa, kuma duk hanyarsu ɗaya: in ya manta, takarda ta tafi, in aka ɗaga marfin can, takarda ta tafi.

Aka rufe ƙofa. Ya buga guduma, biyu, jinkiri, ɗaya. Gaɓa ta farko ta wuce, ta biyar, ta goma. Mako takwas na maimaici sun ɗan bar sawu. Tredwell na zaune a gefe, hannu a kan gwiwa, ko ƙiftawa ba ya yi. A ta goma sha bakwai Murdo ya buɗe baki, ya ji muryar Dougal ta taso masa har maƙogwaro, tsohuwar tambaya, cikakkiya, mai daɗi. Ya san ba ita ba ce. Wadda ake so kuwa babu ita, fayau.

Zaure ya yi tsit, sai ƙarar itace a murhu. Jory ya zuba masa ido, amsar na bakinsa ba halin faɗa. Maƙeri ya sunkuyar da kai. Tredwell ya cire tabarau ya fara gogewa a hankali.

Yatsan Murdo ya riga ya shige ƙarƙashin sabon marfin, don sabo. Babu zare, amma hannun da ya yi ɗinkin bai manta tafiyarsa ba. Layi na uku, daga hagu: ƙulli, ƙulli, karkace, giciye. Ya bi fatar da babu komai a kanta, yatsa na tafiya kamar yana riƙe da allura, sai ga tambayar ta faɗo. Ya faɗe ta. Jory ya amsa da ƙarfi har ya wuce kima. Daga nan Murdo bai ƙara cire hannu ba, ya bi layi bakwai ɗin nan a kan fata tsirara har gudumar ƙarshe. Rigarsa ta jiƙe sharkaf a cikin sanyin nan.

'Yan'uwa suka fara sakin numfashi. Tredwell bai ce an yi ba, bai ce ba a yi ba. Ya mayar da tabarau, ya dubi hannun Murdo da ke ƙarƙashin marfi, ya miƙe, ya nufi teburin tsofaffin walki. Ya ɗaga na maƙeri ya ajiye gefe. Ya ɗauki na Dougal, ya juya shi, ya ɗaga marfin.

Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Ƙirgawa yake yi.

Ya ce, "Arba'in da ɗaya. Na wa ne wannan?"

Jory ya leƙa, ya gani, ya gane ciwon cikin mako takwas. Fuskarsa ta yi ja, amma bakinsa ya riga hankalinsa. "Ado ne! Baduku ne fa, ɗan'uwa. Mutumin nan ko hular barcinsa sai ya yi mata ɗinki."

"Ado ake ɓoyewa a ƙarƙashi?"

"Mutanen Scotland ne, komai nasu a ɓoye yake."

Ba wanda ya yi dariya. Tredwell ya dubi Murdo, kuma na rantse da a ce Murdo ya gyaɗa kai kawai, da an wuce wurin, don mutumin bai zo da niyyar tozarta tsoho ba. Amma Murdo ya ajiye guduma.

"Ba ado ba ne. Aikin ne, ni na ɗinka a Melbourne. Kaina ya daina riƙe sabon abu, na ɓoye musu. Babu wanda ya sani a ɗakin nan. In akwai hukunci, nawa ne, ba na takardar can ba."

Wani ya yi tsaki, wani ya ce, "Haba, Murdo." Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne maƙeri, wanda ya rantse a gabansa yana saurayi, ya kawar da kai ya dubi taga.

Tredwell ya ce, "Ba zauren da zan ce ya iya aiki alhali a zare aikin yake. Ina so in ga ko yana cikin mutanen. Ɗan'uwa Gilfillan, ka fita. Shugaba mai girma, ka hau kujerarka. Daga farko."

Shekara talatin da huɗu Murdo bai taɓa tsayawa a bayan ƙofar nan ana aiki a ciki ba. Ya tsaya a kan matakala, iska na shigowa ta tsagar katako. Ba ya jin magana, sai bugun guduma da takun takalma. Biyu, jinkiri, ɗaya. Ya kafa kunne. Jory ne fa, Jory da ke ƙona burodi. Can wajen tsakiya aka yi shiru mai tsawo, har Murdo ya dafa bango. Sai ya ji takun maƙeri, mai nauyi, daidai, irin wanda aka maimaita sau talatin. Guduma ta biyo baya. Ya zauna a kan matakala.

Da aka buɗe ƙofa, takardar na nan a bango, Tredwell yana sa hannu a takardar rahotonsa.

Ya ce, "Sun iya. Ban ga zauren karkara da ya kai su ba, kuma na san wanda ya koya musu. Amma wannan ba zai fita daga ɗakin nan haka ba. Ka warware zaren a gabana, ka kai abinka gida, ni kuma ban ga komai ba."

Sauƙi ya yi masa, kowa ya san sauƙi ne. Jory har ya zaro 'yar wuƙarsa ya miƙa. Murdo ya karɓi walkin, ya ɗaga shi saitin taga.

"Kai magatakarda ne, ɗan'uwa, ba ka san fata ba. In na zare zaren, hudar allura tana nan har abada. Ko makaho zai karanta ta da yatsa."

"To a yanke marfin."

"Na huda har cikin uwar fatar. Da ƙarfi nake ɗinki."

Jory ya ce, "Murdo, don Allah rufe bakinka! Wa ya tambaye ka?"

Bai rufe ba, kuma bai ƙara magana ba. Ya buɗe murhu da kansa. Fatar ɗan rago mai shekara sittin ba ta da gardama, ta naɗe, ta yi baƙi, ƙauri ya cika zauren. Babu wanda ya motsa har ta cinye.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Effie na bakin murhu, ta shimfiɗa farin ƙyallen a kan tebur tana jira. Ta dubi fuskarsa.

"Takardar?"

"Tana bango."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙa hannu. Ya ɗora mata sabon, mai shuɗin baki. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Ina na Baba?"

Ya gaya mata abin da rantsuwa ta yarda ya faɗa, kuma ba shi da yawa: ya yi wa walkin abin da bai kamata ba, ya ƙone shi da hannunsa. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce, "Shekara talatin ina goge abin da ba a yarda in san mene ne ba, ashe ba a yarda in yi sallama da shi ba ma." Ta ninke ƙyallen babu komai a ciki ta mayar akwati. Ta yi mako biyu tana ajiye masa abinci ba ta ce masa uffan ba, kuma ya san ya cancanta.

Bai sake koyarwa ba. Da kansa ya roƙi a ba shi gadin ƙofa, ya yi shekara huɗu a kan matakalar nan da takobin mai gadi a hannu, yadda al'adar zaure take, yana sauraren guduma. Sabon aikin ya zube daga kansa tas kafin bazara. Daga baya sunayen mutane suka bi, har na Jory. Tsohon aikin Dougal kaɗai ya rage, yana zaune a shago yana motsa baki ba sauti, don ko a lokacin bai yarda kowa ya ji ba. Yau kuwa in ka hau zauren nan, za ka ga samari da ɗan littafi a aljihu, bugun birni, aikin duka a ciki. Duk lokacin da na gani sai raina ya ɓaci.

Ranar jana'izarsa Effie ta kawo walkin mai shuɗin baki a naɗe cikin farin ƙyalle, ta miƙa wa Jory. Yana shimfiɗa shi a kan akwatin, iska ta ɗaga marfin. A ƙarƙashi, an bi gefen fatar da jan zare tun daga wannan kusurwa har waccan, ɗinkin mace, ƙanana, a jere, irin jan bakin walkin Dougal. Jory ya ɗago ya dube ta. Ta tsare shi da ido, ba ta ƙifta ba. Ya mayar da marfin, ya danne shi da tafin hannu har aka fara sauke akwatin.